Ku Auna Masu Ƙarfin Bugu Da Ma'aunin Da Ya Dace

Ya Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina karanta shafinku na wasanni, kuma ina jin daɗinsa. Roƙona shi ne idan za ku taɓo wasan besbol na Amurka, kada ku tsaya ga ƙidaya sau nawa ɗan wasa ya sami ƙwallo. Akwai ma'aunin ƙarfin bugu, kuma shi ne ke bambanta mai taɓa ƙwallo da mai dukanta.

Lissafinsa ba wuya. Filin yana da zango huɗu. Bugun da ya kai mutum zango na farko maki ɗaya ne, na biyu maki biyu, na uku maki uku, wanda ya ba shi damar zagaye fili ya dawo gida kuwa maki huɗu. Sai a tara duka a raba da yawan tsayuwar da ya yi don bugu.

Har yanzu ina da tsohon littafin da na rubuta alƙaluman kakar 2001 da biro, bangonsa ma ya yage. Barry Bonds na San Francisco Giants ya tara zango 411 a tsayuwa 476, wato .863, da bugun zagaye fili 73. Sammy Sosa na Chicago Cubs ya biyo shi da .737, sai Luis Gonzalez da .688, Todd Helton da .685. Abin da na ja wa layi biyu a shafin shi ne Sosa ya fi Bonds yawan zango, don shi 425 ya tara, amma sai da ya tsaya sau 577. Bonds kuwa masu jifa tsoronsa suke yi, suna kauce masa, har sau 177 aka bar shi ya taka zuwa zango na farko ba tare da ya buga ba, kuma ba a ƙidaya irin wannan cikin tsayuwa.

A kakar nan ce Ichiro Suzuki, da zuwansa daga Japan, ya sami bugu 242. Gwani ne na gaske, ba na raina shi ko kaɗan. Amma ƙarfin bugunsa .457 ne, domin yawanci zango ɗaya yake ci.

Na san za a ce an zargi Bonds da amfani da magungunan ƙara kuzari. Zargin nan ya dame ni ƙwarai, shi ya sa zuciyata ta fi kwanciya da .847 ɗin da Babe Ruth ya kafa a 1920, wanda ya shekara 81 ana ɗaukarsa kan gaba.

Sai ga shi a 2024 hukumar babbar gasar besbol ta Amurka ta shigar da alƙaluman ƙungiyoyin baƙaƙen fata na zamanin wariya cikin kundinta. Nan take Josh Gibson na Homestead Grays ya hau kan kowa da .974 a kakar 1937. Wasanninsa da aka ƙidaya ba su kai na su Ruth yawa ba, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya hana kansa shiga babbar gasar ba. Ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin Jackie Robinson, wanda ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasar, ya fara buga wa Brooklyn Dodgers. Ranar da na ji labarin, na ɗauko littafin nawa na rubuta sunansa a saman na Bonds. Ina roƙon ku ma ku sa shi a saman jerinku duk ranar da kuka buga.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku