Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Sadarwa Kan Manhajoji Masu 'Yanci

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a matsayina na malami mai koyar da ilimin kwamfuta, kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato ikon da mutum yake da shi a kan kwamfutar da ya saya da guminsa.

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da wani ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajistarsa. Windows 11 kuma ba ta amince da kwamfutar da ba ta da guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, ko wadda ƙwaƙwalwarta ta girmi waɗanda kamfanin ya zayyana. Da haka ɗimbin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya, allonsu garau, madannansu na aiki, suka wayi gari a sahun tsofaffi ba tare da komai ya lalace a jikinsu ba. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62 a shekarar 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ban ga laifin kamfani ba don ya tsara kasuwancinsa yadda ya ga zai fisshe shi. Abin da nake tambaya shi ne me ya sa hukuma take barin jama'a da tunanin cewa ba su da wata mafita face sayen sabuwa.

Mafitar kuwa, wato manhajoji masu 'yanci, ta haura shekara arba'in da samuwa. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU bisa sharaɗin cewa duk wanda manhaja ta shiga hannunsa yana da damar amfani da ita yadda ya so, ya karanta asalin rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma ba wa wani. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, wadda a yau take ƙarƙashin kowace wayar Android, kuma tun daga Nuwamban 2017 ita ce ke tafiyar da dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya. Maganar ta fi ƙarfin samun abu kyauta, ko da yake yawancinsu ba a biyan ko sisi. Asalinta shi ne babu wanda zai iya yanke wa na'urarka ranar mutuwa daga nesa.

Na san abin da za a ce, domin ɗalibaina sun sha faɗa mini: Linux ta ƙwararru ce, kuma ba a buga wasanni a kanta. Shekara goma da suka wuce suna da gaskiya a magana ta biyu. Amma a 2018 kamfanin Valve ya fitar da Proton, wadda ya gina a kan Wine, wani aikin sa-kai da aka fara tun 1993 domin manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux. Proton tana tsayawa ne kamar tafinta, wasan yana ba da umarni da yaren Windows, ita kuma tana juya shi nan take zuwa wanda Linux ke ganewa. A 2022 kamfanin ya fara sayar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu wadda Linux ce a cikinta, kuma dubban wasannin da aka rubuta domin Windows suna tafiya a kanta lafiya lau. Akwai waɗanda har yanzu ba sa yi, irin su Valorant da Fortnite, saboda tsarinsu na kama masu maguɗi, kuma ba na ɓoye wa ɗalibaina wannan.

Kada mai girma Minista ya ɗauki batun wasa a matsayin wasa, domin ta wannan ƙofa yara da yawa suke fara sanin kwamfuta. A bara ƙanwata ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta ta cinya, ta ce ta gaji da nauyinta, in ba ta da amfani in jefar. Na ɗora mata Linux Mint, wani nau'i na Linux, daga ɗan filash, aikin da bai kai awa ɗaya ba, na sa mata LibreOffice ta rubuta takardu da Firefox ta shiga intanet, na kuma sa wa ɗanta mai shekara goma sha biyu wasan gine-gine na Luanti. Bayan mako biyu na tarar da yaron ya buɗe fayil ɗin wasan, ya gano layin da ke ƙayyade saurin diga, ya sauya lamba ɗaya, ya koma yana haƙa dutse kamar yana yankan takarda. Da ya sake sauya wata lambar wasan ya ƙi tashi, sai ya zauna yana bin rubutun layi-layi har ya gano inda ya goge wani waƙafi. Ban koya masa komai ba a ranar, ƙofar ce kawai ya tarar a buɗe. Da rufaffen wasa ne, iyakarsa ya danna ya kalla.

Akwai kuma batun ɗorewa. Kamfanin id Software ya saki asalin rubutun wasan Doom a 1997, shi ya sa har gobe masu sha'awarsa suke gyara shi yana aiki a kan sababbin na'urori. Wasan tseren motoci na The Crew kuwa, da kamfanin Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da ya dogara da su a ƙarshen Maris na 2024, ya daina aiki a hannun waɗanda suka biya kuɗinsu suka saya. Wannan ne ya haifar da takardar koke a Tarayyar Turai wadda mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa wa hannu a 2025. Abin da ya sami wasa zai iya samun takardun makaranta ko na asibiti idan aka adana su a tsarin da kamfani ɗaya tilo ya san sirrinsa.

Ba na cewa hanyar ba ta da ƙaya. Birnin Munich na ƙasar Jamus ya mayar da kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows, kuma a ganina duk hukumar da ta sauya manhaja ba ta horar da ma'aikata ba haka za ta ƙare. A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bi diddigi har ya bankaɗo wata ɓoyayyar kafa da aka dasa cikin xz, ƙaramar manhajar da duniya ke dogara da ita alhali kusan mutum ɗaya ke kula da ita a lokacin hutunsa. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama ɓarnar, rashin masu tallafi kuma shi ya ba ta wurin shiga. Duk da haka jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Roƙona, ranka ya daɗe, bai kai a tilasta wa kowa barin abin da ya saba da shi ba. Ina roƙon ma'aikatarka ta wajabta cewa duk takardar da hukuma za ta aika wa jama'a ko ta karɓa daga gare su ta kasance a buɗaɗɗen tsari irin ODF, tsarin adana takardu da kowace manhaja za ta iya amfani da shi, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006, domin kada cike fom na gwamnati ya zama sai mutum ya sayi lasisin wani kamfani. Manhajar da aka rubuta da kuɗin jama'a kuma a saki rubutunta ga jama'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwamfutocin ofisoshi da za a yi watsi da su saboda Windows 11 ta ƙi su: a goge bayanan da ke ciki, a ɗora musu Linux, a kai su makarantu, tare da horar da malaman da za su riƙe su da kuma ware wani abu ga masu kula da waɗannan manhajoji. A bar wasanni a ciki, irin su Luanti da SuperTuxKart da 0 A.D., a sa Godot ta ƙera wasanni da Blender ta zana siffofi a gefensu ga yaron da ya fara tambayar yadda ake ƙera wasa. A shirye nake, ni da ɗalibaina, mu fara da kwamfuta goma na farko idan ma'aikatarka ta ba da izini.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin kwamfuta