Kwalbar gilashin da ta ceci ƙanena daga kububuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan shafi naka mai albarka.

Kwanakin baya a majalisarmu ta bayan la'asar, nan Kumo, aka ɗauko zancen jami'o'i. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce shi bai ga abin da farfesoshin nan suke tsinana wa talaka ba, in ban da yajin aiki da raba wa yara takardar da ba ta sama musu aikin yi. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ban tanka ba saboda ya girme ni nesa ba kusa ba, amma maganar ta kwana a raina, domin na san a gidanmu akwai mutum guda da yake yawo da ƙafafunsa yau, bayan ikon Allah, saboda aikin irin waɗannan farfesoshi.

Ƙanena ne, manomi. Da kaka, shekaru uku da suka wuce, ya je ɗaure harawar wake da yamma, ya sa hannu zai ɗaga wani tari, sai abin ya sare shi a idon sawu. Yaran da ke tare da shi suka kashe macijin, ɗan gajere, bai kai kamu biyu ba, mai ɗigo-ɗigo a baya. Kububuwa ce, wadda mutanenmu suke kira gobe da nisa. Kafin labari ya iso ni an riga an ɗaure masa ƙafa da tsumma tamau, an yi tsaga, an shafa baƙin magani, an ba shi jiƙo ya sha. Da na je da dare yana zaune yana magana lafiya lau, sai dai ƙafar ta kumbura. Ya ce mini, "Yaya, kada ka damu, da sauƙi." Ni ma na yarda, na koma gida na kwanta.

Da asuba matarsa ta aiko a kira ni. Na tarar da shi yana tofar da yawu ja. Dasashinsa yana tsiyayar jini, wurin tsagar nan da aka yi jiya ya jiƙa zani sharkaf, har wani tsohon miki da ke gwiwar hannunsa, wanda ya fara warkewa, ya buɗe. Nan ne hankalina ya tashi. Muka samu mota muka kama hanyar Yola, muka wuce Billiri, muka sauka asibitin masu saran maciji na Kaltungo.

Abin da na gani a can shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsammanin za a kai shi gaban wata babbar na'ura, sai na ga ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jininsa kaɗan, ta zuba a wata 'yar sabuwar kwalbar gilashi mai kama da yatsa, ta jingine ta a gefe, ta duba agogo. Ta ce kada kowa ya taɓa. Minti 20 cif ta dawo, ta karkata kwalbar. Jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo. Ta dube ni ta ce, "Baba, dafi ya shiga jini, bai daskare ba. Yanzu za mu sa masa magani." Aka sa masa ta jijiya. Bayan awa 6 aka sake ɗiban jini a wata sabuwar kwalbar, aka sake jira. Wannan karon da ta karkata, jinin ya tsaya cak, ya zama guda. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba har mutanen ɗakin suka waigo.

Da yake ni malamin makaranta ne mai ritaya, tambaya ba ta ba ni kunya. Kwanakin da muka yi muna jinya na yi ta bin ma'aikatan da tambayoyi, daga baya kuma na bi diddigi na karanta. Ashe wannan gwajin na minti 20 ya samo tushe ne daga aikin da likitoci suka yi a ƙasar nan a shekarun 1970, lokacin da wani likita Bature, David Warrell, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Oxford, yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokan aikinsa suka zauna da masu saran kububuwa suna lura da yadda dafin ke aiki, suka wallafa sakamakon a 1977. Dafin kububuwa yana tayar da sinadaran da ke daskarar da jini gaba ɗaya a lokaci guda har su ƙare, sai jikin ya rasa abin da zai toshe ko ƙaramin rauni. Shi ya sa mutum zai kwana yana hira, washegari jini ya ɓalle, wani ma a cikin kai, inda ido ba ya gani. Kuma dole kwalbar ta zama ta gilashi, sabuwa, busasshiya, domin gilashin ne ke taimaka wa lafiyayyen jini ya kama, ta roba ko wadda aka wanke da sabulu tana iya yaudarar mai gwaji. Yau likitoci a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suna amfani da wannan dabara, a ƙauyukan da babu ko wutar lantarki. Wannan shi ne binciken jami'a, kuma na gan shi da idona a hannun 'yar ma'aikaciyar jinya.

Maganin da aka sa wa ƙanena shi ma yana da tarihinsa. An kafa wata ƙungiyar bincike ta haɗin gwiwa mai suna EchiTAb tsakanin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da masana na Najeriya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool da Jami'ar Oxford. Aka kama macizanmu na nan, aka kai su Liverpool ana tatsar dafinsu. Yadda ake haɗa maganin kuwa abin mamaki ne: ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan, wanda ba zai kashe dabbar ba, har jikinta ya ƙera garkuwa. Sai a ɗebi jininta, a ware ruwan da ke ɗauke da garkuwar, a tace, a zuba a kwalba. Ta haka aka samu iri biyu: EchiTAb G, wanda kamfanin MicroPharm na yankin Wales a Birtaniya ya haɗa daga tumaki, don kububuwa kaɗai, da EchiTAb Plus, wanda Cibiyar Clodomiro Picado ta Jami'ar Kosta Rika take haɗawa daga dawakai, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci.

To, a ina aka gwada su? A Kaltungo. Mutum 400 da kububuwa ta sara, manomanmu da makiyayanmu, su aka yi gwajin da su, aka wallafa sakamakon a 2010. Allurar farko ta EchiTAb Plus ta dawo da daskarewar jini ga kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba, ta EchiTAb G kuma wajen kashi 76. Cikin masanan da suka yi wannan aiki akwai Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya daɗe yana ɗauke da wannan lamari a kansa, har ya yi nazarin da ya nuna cewa kuɗin da gwamnati ta zuba a maganin saran maciji ba asara ba ne, idan aka auna da rayukan da ake ceto. Kububuwa in ba a samu magani ba tana kashe mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 10 da dafinta ya kama. Duk wanda ya girma a kudancin Gombe ya san gidajen da suka rasa magidanta ta wannan hanya.

Da ba don bincike ba, da ba mu ma san cewa ba kowane maganin maciji ne ke aiki a kan kowane maciji ba. A wani asibitin karkara a Gana, da aka sauya magani aka koma wani da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen masu saran kububuwa ya tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Kwalba ga ta, lakabi ga shi, amma dafin da aka yi ta da shi na wata nahiya ne. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin wani maƙwabcinmu ya taɓa sayar da akuyoyinsa biyu ya sayo irin wannan kwalba a wani kantin magani don ɗansa, aka yi allura, jini bai tsaya ba, sai da aka garzaya da yaron asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe. Macijin namu ne, marasa lafiyar namu ne, jinin da aka gwada namu ne, masanan ma da yawansu namu ne, amma kwalbar sai ta tsallako teku. Duk ranar da Naira ta faɗi, ko aka makara wajen yin oda, manomi ne ke biya da ransa. Mun kuma ga darasi: kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa ya daina haɗa maganinsa na Fav-Afrique a 2014, ragowar ya ƙare wa'adi a 2016, saboda ba ya kawo riba. Ai mai saran maciji ba attajiri ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta kuma sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Shekarar nan kuwa ta kusa, kuma mun sha jin alkawarin za a fara haɗa maganin a gida.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, da kwalejinta ta koyon aikin likita. Muna da Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Akko. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, maƙwabtanmu. A Vom ta jihar Filato akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa tun 1924, wadda ta saba da haɗa alluran rigakafin dabbobi. Dawakai kuwa, wanda ya taɓa kallon hawan salla a Gombe ko Bauci ba zai ce muna da ƙarancinsu ba. Na san haɗa magani ba wasan yara ba ne, yana son tsabta ta musamman da wuta marar yankewa da ƙwararru da kuɗi masu kauri, kuma ba a shekara guda ake kai wa ba. Amma akwai ayyukan da ba sai an jira masana'anta ba. Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, me zai hana a tura su ƙauyukan Kaltungo da Balanga da Shongom da Billiri su ƙidaya mana mutum nawa maciji ke sara, a wane wata, a wane irin aiki, nawa ne suka mutu a gida ba su kai asibiti ba? Waɗannan na ƙarshen su ne ba sa shiga littafin kowa. Ɗakin gwaji guda a jami'a zai iya auna duk kwalbar da ta shigo kasuwa a ga ko tana kashe dafin macizanmu. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu yana da kason bincike, ina fatan malamanmu za su nema da wannan manufa, gwamnatin jiha da masu hannu da shuni su ma su sa nasu hannun.

Akwai kuma batun masu maganin gargajiya, kuma ina faɗar wannan da ladabi domin iyayenmu ne. Masana sun nuna cewa ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, wani lokacin ma macijin ba mai dafi ba ne. Irin waɗannan su ne ke warkewa a gida, sai a ce jiƙo ne ya yi aiki, ranar da aka haɗu da na gaske kuma a ɓata awannin da suka fi tsada. Tsagar da aka yi wa ƙanena ita ta fi zubar masa da jini, ɗaurin kuma likita ya ce da ya ƙara daɗewa zai iya lalata ƙafar. Maimakon a yi ta zargin juna, jami'o'inmu su karɓi saiwoyi da ganyayen nan su gwada su a ɗakin bincike, mai amfani a faɗa, marar amfani a faɗa, a kuma jawo masu maganin a jiki su zama su ne na farko da za su ce wa mutum ya tafi asibiti. Mutanenmu sun fi jin maganarsu fiye da ta kowa.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ka tura wakilinka Kaltungo a farkon damina ko da kaka, lokacin da gadaje ke cika. Ya zauna ya ga gwajin kwalbar nan da idonsa, ya yi hira da ma'aikatan, sannan ya wuce wurin shugabannin jami'o'inmu ya tambaye su wane bincike suke yi a kan abin da ke kashe manoman da ke kewaye da su, da kuma abin da suke buƙata don su yi. A buga amsar da Hausa, yadda dattijon majalisarmu zai ji a karanta masa.

Ƙanena ya koma gonarsa. Na saya masa dogon takalmin roba da tocila, kuma yanzu ba ya ɗaga tarin harawa sai ya fara zungura da sanda.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Kumo, Jihar Gombe.