Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano kan Halin da Masu Hawan Keke Suke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne masu fita neman abinci a kan keke, cikinmu akwai malaman makaranta da ɗalibai da teloli da masu kai kaya Kantin Kwari da Kurmi da Sabon Gari, kuma mun kawo kukanmu ne gaban uba domin ya isar mana da shi ga hukuma.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da yawa sun jingine babura sun ciro tsofaffin kekunansu daga zaure, amma sai suka tarar titunan da aka faɗaɗa ba su bar wa keke ko taku ɗaya ba. Mai keke a yau yana lallaɓawa ne a bakin kwalta, inda yashi ya taru yana kwashe taya, ga kwata a buɗe babu murfi a hannunsa ɗaya, ga mai adaidaita sahu da zai yanko gabansa ba sigina don ya hango fasinja. Mun sha tsayawa mu ɗaga dattijo da ya faɗi a irin wannan wuri, littattafansa da ya ɗaure a kariya sun watse a titi, motoci suna ta yi masa ham. Gadojin sama na Ƙofar Nasarawa da Dangi sun sauƙaƙa wa masu mota, amma wanda ya ɗauro buhu a keke ba ya iya hawansu, ƙasansu kuwa sai mai ƙarar kwana.

Ranka ya daɗe, abin da muke roƙo ba baƙon abu ba ne a duniya. Mutanen Holan sun koma ga keke ne bayan tsadar mai ta 1973 da kuma yawan yaran da motoci suke kashewa, har birnin Amstadam ya zama abin misali. A Bogota ta ƙasar Kolombiya ana rufe manyan tituna kowace Lahadi domin masu keke da masu tafiya a ƙasa. Idan an ce waɗannan sun yi nisa, to ga Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso nan kusa, mai rana da ƙura irin tamu, inda aka ware wa keke da babur hanyarsu a gefen manyan tituna. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, in ka ɗauke Dala da Gwauron Dutse, don haka babu garin da ya fi ta dacewa da keke.

Muna roƙon Sarki ya sa baki a ware mana hanya a titin Zariya da titin Katsina da titin Gwarzo, a raba ta da ta motoci da dakalin siminti, domin fenti kaɗai ba ya hana direba shiga. Muna kuma roƙon a rufe magudanan ruwa, a riƙa kwashe yashin bakin titi, sannan hakimai da masu unguwanni su yi magana da shugabannin kasuwanni a samar da wurin ajiye keke mai mai gadi, saboda sata ta hana da yawanmu shiga kasuwa da kwanciyar hankali.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga talakawanka masu biyayya,
Masu hawan keke na birnin Kano da kewaye