A daina zubar da tsokar da aka yanke daga gyambon tafin ƙafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin likitoci da hukumomin lafiya kan sankarar fata da ake kira melanoma, wadda a jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda ake ɗaukarta faso ko gyambo har sai ta ci jiki.

A ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki. Idan tsoka ta iso, mukan daskarar da ita cikin kakin farafin, mu fere ta ta fi ɓawon albasa sirantaka, mu rina, sannan likita ya duba ta a madubin ƙara girma. Wannan cuta kuwa gwanar ɓad-da-kama ce, domin duk da cewa da baƙin launi aka san ta, wani lokaci ko ɗigon baƙi ba ta nunawa, sai ta yi kama da wata sankarar daban. A nan ne ake neman furotin ɗin da ƙwayoyinta ke ɗauke da shi, ta hanyar ɗiga sinadarin da ke maƙale masa ya ba da launi. Sinadarin da ke neman furotin S-100, wanda aka gano a 1965, da wuya melanoma ta kuɓuce masa, sai dai yakan kama ƙwayoyin jijiya da na kitse su ma. Wani sinadarin kuma, HMB-45, wanda ya fito a 1986, bai cika kama abin da ba ita ba, amma akwai nau'in da ke wuce shi. Shi ya sa ake haɗa biyu ko uku, har da wasu irinsu kamar Melan-A da SOX10. Idan tsokar ta cika baƙi, gara a yi rinin da jan launi, domin launin ruwan ƙasan da aka saba da shi yakan saje da baƙin.

Duk wannan ba ya yiwuwa idan tsokar ba ta iso ba. Na taɓa karɓar wadda aka kawo daga wani ƙaramin asibiti cikin ruwan gishiri bayan kwana huɗu, ta riga ta lalace, dattijon da aka yanke wa kuma yana tsaye yana jiran sakamako. Roƙona shi ne a wajabta sanya duk abin da aka yanke cikin fomalin, wato ruwan maganin da ke hana tsoka ruɓewa, nan take, a aika da shi asibitin koyarwa mafi kusa, gwamnatocin jihohi kuma su tallafa da kuɗin sinadaran, waɗanda daga waje ake shigo da su.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Kano