Yunwa ce ta karya dokar kulle a Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tela ne, na haura shekara ashirin a kan keke a Fagge. Duk sanda aka ce wata cuta ta ɓulla, kamar mashaƙon da ya kwashe mana yara a 2023, sai zuciyata ta koma azumin 2020.

Ranar 11 ga Afrilun shekarar aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Ba a yi mako ba aka rufe gari, ranar 27 ga wata kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. Ga azumi ya kama. Wanda ya san sana'armu ya san watan nan shi ne kakar tela, ɗinkin Sallah ne ke biyan haya da kuɗin makaranta da bashin shekara. Shaddar mutane na jibge a shago, ƙofa a garƙame, yaran shagona uku kowa ya koma gida hannu rabbana.

Ni ba na cikin masu cewa babu korona. Mun binne dattawan da muka sani, kuma masu haƙar kabari ne suka fara kokawa kafin hukuma ta amsa. A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu a cikin birni a ɗan tsakanin nan, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari kuma na da alaƙa da cutar. Kukana shi ne an aro dokar ƙasashen da mutum ke zaune a gida kuɗi na shigo masa ta banki, aka ɗora wa ɗan dako da mai adaidaita da mai ƙosai, waɗanda in ba su fita yau ba, ba a ɗora tukunya yau.

Da yunwa ta yi yunwa, sai aka ce an sassauta: Litinin da Alhamis, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Wata Alhamis na fita nemo kayan miya da na kunu. Wallahi Malam Edita, ko jajiberin Sallah ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba. Cinikin da gari ke yi a kwana bakwai aka matse shi a awa sha biyu. Numfashin wani a ƙeyata, gwiwar hannun wani a haƙarƙarina, takunkumin kowa ya sauko haɓa saboda zafin Mayu da ƙishirwar azumi. Wata tsohuwa a gabana ta durƙusa tana tsintar tumatirinta da ya zube, tana tari, mutane na tsallake ta. Na dawo gida na rasa yadda zan yi in zauna kusa da mahaifiyata mai ciwon suga. Kwana uku a tsare, rana ɗaya a cakuɗe. Ina amfanin baɗi ba rai?

Haka aka riƙa loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, aka gwada wasu a Kaduna da Jigawa aka same su da cutar. A daidai lokacin da ake mutuwar nan, ɗakin gwajin da jihar ta dogara da shi ya tsaya na kwanaki.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne man fetur ya faɗi, kasafin da aka gina kan dala 57 ganga sai da aka mai da shi 28, har aka karɓo rancen dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Amma tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a nan Abuja cewa za a ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, mu kuma ko rabi ba mu cika kaiwa ba, har a shekarun da mai ke da daraja. Iyakokin ƙasa kuwa a lokacin a rufe suke tun Agustan 2019, shinkafa ta riga ta yi tashin gwauron zabo kafin cutar ta iso. Tallafin da aka yi ta sanarwa a rediyo, a layinmu gida biyu na san ya shiga. Sai a Oktoba muka ga jama'a na fasa rumbuna a Legas da Jos suna fitowa da buhuna da kwalaye.

Ina roƙon 'yan majalisarmu na jiha su sa a rubuta masu neman na yau da gobe tun yanzu, unguwa-unguwa, ta hannun masu unguwanni da ƙungiyoyin sana'a irin tamu, a kuma tanadi hatsi a kowace ƙaramar hukuma. Mu teloli mun san junanmu gida-gida. In an nemi sunaye, cikin mako guda za mu kawo.

Naku,
Wani tela daga Fagge, Kano