Na'urar auna laktet ta hannu: a ina za a yarda da ita?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Masu horar da 'yan wasa da dama sun koma amfani da ƙananan na'urorin hannu masu auna laktet a jini, wato sinadarin da ke ƙaruwa idan motsa jiki ya yi tsanani, irin su Lactate Pro 2 da Lactate Plus da Lactate Scout. Muna so mu ja hankalinsu kan iyakar abin da na'urar za ta iya gaya musu.

Ɗigon jini ƙasa da maikurolita ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) take buƙata, sakamako kuma ya fito cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. A kan tsinken gwajin, wato ɗan siririn fallen da ake sa wa na'urar ya zuƙi jinin, akwai wani sinadari da ke haɗuwa da laktet ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita na'urar ke karantawa ta mayar da ita lamba. Mutum a zaune yakan nuna milimol (ma'aunin yawan sinadari) 1 zuwa 2 a kowace litar jini. Idan gudu ya yi tsanani lambar kan wuce 10.

A ƙasa da tsakiyar wannan zango, na'urorin suna bin manyan injinan ɗakin gwaje-gwaje, irin su Biosen da YSI, daidai gwargwado. A sama ne sukan raba hanya, kuma kowane samfuri da nasa karkacewar. Saboda haka kuskure ne a auna ɗan wasa yau da samfuri ɗaya, bayan wata biyu a auna shi da wani, sannan a ce ya ci gaba ko ya koma baya. Haka nan lambar nan ta milimol 4 da aka daɗe ana kafa iyakar juriya da ita, wato saurin gudun da mutum zai iya daɗewa a kansa: a inda layin da ke nuna yadda laktet ke ƙaruwa da saurin gudu ba ya hawa da sauri, bambancin rabin milimol kaɗai ya isa ya sauya saurin gudun da za a ɗora wa mutum na makonni. A ganinmu gara a dubi yadda layin gaba ɗaya ke lanƙwasa, a bar dogaro da lamba guda.

Amma mafi yawan ɓarnar daga hannun mai ɗiban jini take fitowa. Gumi yana ɗauke da laktet mai yawa, sau da dama fiye da na jini, kuma da yake ɗigon ƙanƙane ne, ɗan danshi kaɗan zai harba lambar sama. Dole a goge wurin da sifirit, a jira ya bushe sarai, a huda, a share ɗigon farko da busasshiyar auduga, a ɗauki na biyu. Kada a matse yatsa da ƙarfi, domin ruwan tsoka zai gauraya da jinin. Bakin tsinke ya taɓa ɗigon kawai, ba fata ba, ya cika a zuƙa ɗaya. Tsinken da bai cika ba a yar da shi, kada a ƙara masa jini.

Wurin huda ma yana da tasiri. Jinin yatsa da na fatar kunne ba sa ba da lamba ɗaya, musamman ga mai tuƙa keke da ya damƙe kan keken da ƙarfi. A zaɓi wuri ɗaya a tsaya a kansa.

Sai tsinken kansa. Zafi da danshi suna lalata sinadarinsa, don haka kada a bar shi a cikin mota ko a rana, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a kuma gwada na'urar da ruwan tantancewa na kamfanin duk lokacin da aka buɗe sabon kwali.

Wani abin da ake mantawa shi ne jikin ɗan wasan. Wanda ya yi atisaye mai nauyi jiya, ko bai ci abinci mai sitaci isasshe ba, zai nuna laktet ƙasa da yadda ya saba, har a ɗauka juriyarsa ce ta ƙaru. Matakan gwajin, waɗanda ake ƙara sauri a kowannensu, su kasance masu tsawo ɗaya, minti 3 zuwa 5 kowanne, a ɗebi jini nan take a ƙarshen mataki. Idan lamba ta yi tsalle ba tare da bugun zuciya ya bi ta ba, a sake gogewa a sake hudawa kafin a rubuta ta.

Wassalam,
Wasu masu aikin gwajin 'yan wasa