Shayi ba na Turawa ba ne, kuma kowane ganye da dahuwarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in gyara kurakurai biyu da suka zauna a bakin jama'a game da shayi: wai abin shan Turawa ne, kuma wai koren shayi da baƙi daga itatuwa daban suke fitowa. Ko ɗaya ba haka yake ba.

Itacen guda ne, masana suna ce masa Camellia sinensis, kuma asalinsa tsaunukan kudu maso yammacin Sin ne, wajen Yunnan, har zuwa ƙasar Bama (Myanmar) da yankin Assam na Indiya. Bambancin kore da baƙi a hannun mai sarrafawa yake. Ana tsinko toho ɗaya da ganye biyu na ƙasansa. In kore ake so, sai a ba shi zafi nan take, Sinawa a kasko, Japanawa da tururi, don zafin ya kashe sinadarin da ke sa ganye yin duhu. In baƙi ake so, sai a baza ganyen awa 12 zuwa 18 ya yi yaushi, a murza shi har ruwan cikinsa ya fito ya haɗu da iska, a bar shi awa ɗaya zuwa uku ya koma launin tagulla, kamar dai yadda yankakken dankali ke rinewa in an ajiye shi, sannan a busar da iska mai zafi. In aka gaggauta busarwa shayin zai fito da gafin ɗanyen ganye, in kuma aka makara ya yi lami. Sai an tara kilo huɗu da 'yan kai na ɗanyen ganye kafin a samu kilo ɗaya busasshe.

Game da tarihi, labarin sarkin Sin Shennong da ganye ya faɗa masa cikin tafasasshen ruwa almara ce. Abin da ake da hujja a kai shi ne ragowar ganyen da aka tono a kabarin sarki Jing na daular Han, wanda ya mutu a shekara ta 141 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wajen shekara ta 760 wani marubucin Sin mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi. A zamaninsa ana kirɓa ganyen ne a matse shi kamar tubali, in za a sha a gasa, a daka, a tafasa da ɗan gishiri. Daular Song ta koma niƙa shi gari ana burgawa da maburgin gora. Sai a 1391 sarki Hongwu ya hana kawo wa fada shayin tubali, daga nan ganye a warware da jiƙawa a buta suka samu gindin zama.

A nan ne nake so mai karatu ya lura. Kowace al'umma ta riƙe shayi ne a siffar da ya iso mata. Malamin addinin Buddha Eisai ya koma Japan a 1191 da iri da kuma salon Song, shi ya sa har yau Japanawa ke burga garin shayin da suke kira matcha alhali Sinawa sun daɗe da barinsa. Mutanen Tibet tubali ya riƙa isa gare su a bayan alfadarai, ana musayarsa da dawakai, don tubali ne ke jure watanni a hanyar dutse. Irin wannan ganye mai kauri sai an daɗe ana tafasa shi, suka haɗa shi da man shanu da gishiri ya zama rabin abinci.

Ko sunansa yana tona hanyar da ya bi. Inda ya je ta ƙasa da ayarin fatake, kalmar "cha" ce ta bi shi: Farisawa da Rashawa da Indiyawa suka ce "chai", Larabawa suka ce "shay", mu kuma muka aro muka ce shayi. 'Yan Holan, waɗanda suka fara kai shi Turai ta teku wajen 1610, sun ji sunan ne daga bakin 'yan kasuwar gaɓar Fujian masu cewa "te", shi ne ya zama "tea" a Ingila da "thé" a Faransa. Turawan Fotugal da suka zauna a Macau ta gaɓar Sin sun tsaya a kan "chá".

Ingila ta shigo a makare. Gimbiya Catherine ta Fotugal da ta auri sarki Charles na biyu a 1662 ita ta sa shayi ya zama abin yayi a fada. Haraji ya yi ta hawa har ya kai kashi 119 cikin ɗari, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, 'yan algus suka riƙa cakuɗa ganyen wasu itatuwa da wanda aka riga aka dafa aka sake busarwa. A 1784 aka sauke harajin zuwa kashi 12.5, sai fasa-ƙwaurin ya mutu murus. Rigimar haraji ce kuma ta sa mutanen Boston ta Amurka suka zubar da akwati 342 na shayi a teku a Disambar 1773.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne mai ɗaci. Sukarin da ke cikin kofin Bature guminsu bayi ne a gonakin rake na Karibiyan. Sin kuwa azurfa take karɓa, da biyan azurfar ya yi wa Ingila nauyi sai ta koma biya da ofiyom, wani abin maye da ake nomawa a Indiya, abin da ya haifar da yaƙin 1839 zuwa 1842 da ƙwace Hong Kong. A lokaci guda Turawan Ingila suna neman mafita: sun ga wani nau'in itacen mai faɗin ganye yana tsirowa a Assam, an yi gwanjon shayinsa na farko a Landan a 1839, kuma daga 1848 masanin tsirrai ɗan Birtaniya Robert Fortune ya shiga Sin a ɓoye ya kwaso iri da ƙwararrun ma'aikata. Sri Lanka ta koma shayi bayan cuta ta cinye mata gonakin kofi daga 1869. An fara dasa shi a Limuru ta Kenya a 1903, ga shi yau Kenya tana sahun gaba wajen fitar da baƙin shayi.

Ganyen Assam yana da ƙarfi da duhu, shi ke ɗaukar madara ba tare da ya ɓace ba. Da aka ƙirƙiro injin da ke murƙushe ganye ya yayyaga ya dunƙule shi ƙanana, wajen 1930, sai aka samu shayi mai arha mai saurin sakin launi. Shi ne a yawancin 'yan jakunkunan shayi, shi ne kuma Indiyawa ke tafasawa da madara da citta da sauran kayan ƙamshi. Rashawa da Turkawa dabararsu daban: a haɗa mai kauri a ƙaramar buta a ɗora bisa tukunyar ruwan zafi, kowa ya tsarma daidai bakinsa. Maroko da ƙasashen Sahara kuwa koren ganyen Sin mai kama da harsashi ya isa gare su da yawa a ƙarni na 19. Yana da ɗaci, don haka ake fara ɗauraye shi da ruwan zafi a zubar, a sa na'ana'a da sukari mai yawa, a tsiyayo daga sama ya yi kumfa.

To, ga inda ake yawan kuskure. Ma'auni shi ne giram 2 zuwa 3, wato ƙaramin cokali ɗaya, a kofi mai mililita 200. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu, a rufe minti 3 zuwa 5. Kore mai laushi ba ya son haka: a sauke ruwan a bar shi ya huce zuwa digiri 70 ko 80, a jiƙa minti 2 zuwa 3. Wanda ya kwara wa kore tafasasshen ruwa zai fitar da sinadaran bauri gaba ɗaya, sannan ya ce ganyen ne ba shi da kyau. Mai son ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara lokaci, don bayan minti biyar bauri kawai ke ƙaruwa. Yanar da ke tasowa a saman kofi alamar ruwa mai yawan alli ce, tacewa ko ɗigon lemun tsami yana rage ta, amma kada a haɗa lemun da madara, za ta tsinke. Mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe a jiki. Ganyen kuma yana zuƙar wari da laima, saboda haka a ajiye shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da kayan yaji.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku